Madalla da Jakadu, Ingilishi Ya Iso Garwa

Allah ya saka wa jakadu da alheri, ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Ranku ya daɗe, ku da ke zaune a Bastos da kewayenta can Yawunde, kuna kwana kuna tashi da tunanin 'ya'yan arewacin Kamaru, mun ga ƙoƙarinku. Ba a daɗewa sai gidan rediyon ƙasa ya sanar cewa wani jakada ya kai wa ministan ilimi ziyara, sun zauna sun tattauna yadda za a ƙarfafa haɗin gwiwa don faɗaɗa koyar da Ingilishi a makarantu. A sha hannu, a rattaba hannu, a yi murmushi gaban tutoci biyu. Daga nan labari ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya sauka ya shiga mota, ya iso Garwa a gajiye, ya zarce Marwa da Kuseri. Mu da muke ƙarshen hanya ba mu da abin ba ku, amma an ce yaba kyauta tukuici. To ga tukuicinku.

Abin yabo na farko shi ne kaifin idonku. Makarantar boko a arewa tana fama da ciwo iri-iri, har gwamnatin Kamaru da kanta ta sa jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tare da jihar Gabas, cikin yankunan da ta ce suna bukatar kulawa ta musamman a harkar ilimi. Binciken gidaje na hukumar ƙididdiga a 2014 ya nuna kusan mutum 74 cikin 100 a Arewa Mai Nisa talakawa ne, a jihar Arewa kuma kusan 68. Akwai ƙauyukan da ajinsu rumfar zana ce, iska ta farkon damina ta kwashe ta, karatu ya tsaya sai an sake kafa wata. Akwai ajin da yara suka haura ɗari, rabi kan benci rabi a ƙasa, cikin zafin Maris da Afrilu wanda ke wuce digiri 40 a bakin Binuwai. A Fotokol da Kolofata da Amchide Boko Haram ta rufe makarantu ta kori malamai. A 2024 ambaliya ta cinye ajujuwa a Yagwa da Maga da bakin Logon. Mai gajeren tunani zai dubi wannan tari ya rasa ta inda zai fara. Ku kuwa da kuka duba, nan take kuka gano cewa abin da ya rage wa yaran nan shi ne harshen Landan da Washinton. Ba kowa Allah yake ba irin wannan basira ba.

Bari in gabatar muku da wanda kuke yi wa hidima, tunda da wuya hanya ta haɗa ku. Yaro ne ɗan shekara shida a wani ƙauye bayan Pitowa. A ɗaka uwarsa tana yi masa magana da Falanci, harshen mutanen tsaunin Tingelin. Ran Lahadi in an tafi da shi kasuwar Pitowa, da Fulatanci yake jin ana ciniki, kuma ya iya mayar da amsa. Mahauci da mai tireda Hausawa ne, don haka ya tsinci Hausar da zai sayo abin da aka aike shi. In gidansu Musulmi ne, ya fara gane baƙaƙen Larabci a allo. Yaro ne mai harshe biyu ko uku kafin ya fara famfarar haƙori. Ranar da ya shiga aji, makaranta ta sanar da shi cewa duk wannan ba komai ba ne, jahili ne, sai ya fara daga Faransancin da bai taɓa jin kowa ya yi ba a gidansu. Da shi zai koyi baƙi, da shi zai koyi lissafi, da shi zai nemi izinin fita fitsari. Yana cikin wannan ɗimuwa, bai gane abin da ake rubutawa a allo ba, sai ga alherinku ya iso: baƙon harshe na biyu a kan na farko. Kun tarar da mutum ba wando, kun naɗa masa rawani, kuma rawanin mai tsada. Wa zai ce ba ku yi ƙoƙari ba?

Sai malamin da zai raba wannan alheri. A firamare malami ɗaya ne yake koyar da komai a ajinsa, daga lissafi har waƙa, don haka tun da aka sa Ingilishi cikin darussan firamaren ɓangaren Faransanci a farkon shekarun 2000, shi ɗin ne malamin Ingilishi, ko ya iya ko bai iya ba. Shi ma a irin wannan aji ya taso, hannun wanda bai iya ba. A ƙauyuka da yawa ma ba ma'aikacin gwamnati ba ne, cikin waɗanda ake kira malaman iyaye yake, wato iyayen yara ne suke karo-karo su biya shi ɗan abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, in an sayar da auduga ya samu, in kuɗin kamfanin auduga na Sodecoton ya yi jinkiri ya yi haƙuri. Wanda ya taki sa'a gwamnati ta ɗauke shi, yakan shafe shekaru yana jiran lambar albashi, takardunsa suna barci a wani ofishi a Yawunde. A Fabrairun 2022 malaman sakandare suka ajiye alli ƙarƙashin yunƙurin da aka sani da OTS, suna neman haƙƙinsu na shekaru. Ana cikin haka, a watan Maris, wani malamin motsa jiki na sakandaren Beka, a nan gundumar Faro cikin jiharmu, ya rasu bayan ya yi kusan shekara goma yana aiki ba a fara biyan shi albashi ba. Ƙasa duka ta ji labarinsa.

Ga irin wannan bawan Allah kuka tanadi taron ƙara wa juna sani. Kwana uku ko biyar a ɗaki mai sanyi, ƙwararre ya zo daga nesa da na'urar haska bango, a raba jaka da biro da ruwan roba, a nuna masa sababbin dabaru: ya raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum huɗu, ya bar kowane yaro ya yi magana, ya yi amfani da bidiyo da intanet. Ya karɓi takardar shaida da ɗan alawus, ya hau babur ya koma ga yaransa ɗari da ashirin, a makarantar da ba wutar lantarki, littafi ɗaya yara goma. Rahoto kuma ya tafi babban birninku cewa an horar da malamai kaza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na jinjina wa wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, domin ya samo hanyar da za a taimaki malami ba tare da an taɓa maganar cikinsa ba.

Kada wani ya ɗauka ina gaba da Ingilishi. Wallahi ina so yaran Garwa su iya shi, su iya shi sosai. Yola tana nan kusa da mu, Mubi tana can gefen Gidar da Mokolo, shanu da albasa da shinkafa suna tsallakawa, man fetur da kayan masarufi suna shigowa. Matasanmu suna neman karatu a jami'o'in Nijeriya da Gana da Indiya. Littattafan likitanci da injiniyanci da kwamfuta yawancinsu da Ingilishi suke. A Janairun 2022, da Super Eagles suka sauka Garwa suka doke Masar a filin Rumde Ajiya, gari ya cika da baƙi, duk saurayin da ya iya harhaɗa jimla biyu ya ci kasuwa. Kuma harshen hukuma ne a ƙasar nan, kundin tsarin mulki na 1996 ya ba shi matsayi ɗaya da Faransanci. Ɗan arewa da bai iya shi ba, an rufe masa ƙofofi da yawa. Saboda na san darajarsa ne abin yake ci mini rai: ana yi wa iyaye alkawarin abu mai amfani, ana miƙa musu ɓawonsa.

Mu koma ga yabo, don akwai sauransa da yawa. Dole a yaba muku kan riƙon zumunci da tarihi. Kafin kakanninku su iso, Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce, Fombina, ƙarƙashin tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu. Lamiɓe suna aika wa juna wasiƙa da Larabci, malamai suna rubuta waƙa da ajami, fatake suna ciniki daga Kano har Ngaundere ba tafinta. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ja layi, Yola ta faɗa hannun wannan, yawancin ƙasarta ta faɗa hannun wancan. Jamusawa suka ci Garwa da yaƙi a 1901, Turawan Ingila da Faransawa suka ƙwace ta a 1915, aka sake rabo, mu muka tashi a rabon Faransa, wadda tun shekarun 1920 ta hukunta cewa ba wani harshe a makaranta sai nata. Dattawanmu suna tuna abin wuyan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa. A ƙuri'ar 11 ga Fabrairun 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Nijeriya, kudancinsa ya zo nan. Haka aka wayi gari ɗan Garwa da ɗan Yola, masu kaka ɗaya, kowa da Baturen da zai yi magana da yawunsa in an shiga ofis. Yau jikokin masu jan layin sun dawo da shirin da zai taimake mu mu fahimci maƙwabtanmu. Wannan shi ne cika alkawari: wanda ya raba, shi ya fi kowa sanin yadda ake haɗawa, kuma bai yi gaggawa ba, ya bari an shekara ɗari da ɗoriya.

Gwamnatinmu ma ta cancanci rabonta, kada jakadu su kwashe ladan su kaɗai. Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shi ya kafa ƙasar a kan harsuna biyu. A 1963 aka buɗe sakandare mai harshe biyu a Man O'War Bay, wadda daga baya ta koma Buya, a shekarar kuma Bernard Fonlon ya rubuta maƙalarsa yana kira a fara koyar da harsunan biyu tun yara suna ƙanana. Daga nan takarda ba ta sake yankewa ba. Dokar ilimi ta 1998, makon harsuna biyu da ake yi kowace shekara a makarantu, shiri na musamman na ajujuwa masu harshe biyu a sakandare, hukumar bunƙasa harsuna biyu da al'adu da aka kafa a Janairun 2017 aka ba Peter Mafany Musonge, dokar harsunan hukuma ta Disambar 2019. Kamaru ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, ta kuma shiga Commonwealth a 1995, tana cin tuwo a gida biyu. Sama da shekara sittin ana wannan hidima, kuma sakamakon a bayyane yake: in makon harsuna biyu ya zo, yara su haddace 'yar waƙa da gaisuwa, su rera gaban baƙi, a tafa, a tashi sai baɗi. Shugaba Paul Biya, wanda yake kan mulki tun 1982, yana yi wa ƙasa jawabin ƙarshen shekara da Faransanci, wata murya ta biyo baya da fassara. Ina jakadu za su sami abokin tafiya mai juriya irin wannan?

Yanzu na zo inda yabo yake yi mini nauyi a baki, amma sai na faɗa. A ƙasar nan akwai jihohi biyu, Arewa Maso Yamma da Kudu Maso Yamma, inda ba a bukatar kowa ya kai musu Ingilishi. Da shi suke karatu tun zamanin mishan, suna da jarrabawarsu ta GCE, suna da makarantun da har iyayen Yawunde da Duwala suke rububin kai 'ya'yansu. In ana neman rumbun malaman Ingilishi ga Kamaru duka, can yake. A Oktoban 2016 lauyoyinsu suka fita zanga-zanga, ranar 21 ga Nuwamba malamai suka bi baya da yajin aiki. Cikin kokensu har da cewa ana turo musu malaman da ba su iya Ingilishi ba su koyar da 'ya'yansu, ana turo alƙalan da ba su san tsarin shari'arsu ba. Koke ne na aji da kotu, wanda za a iya kashewa a kan tebur. Aka amsa da kulki da kamu, aka yanke musu intanet wata uku a 2017, masu sassauci suka tafi kurkuku ko gudun hijira, masu bindiga suka gaji fagen. 'Yan aware suka haramta zuwa makaranta, suka riƙa sace ɗalibai da malamai, kamar yadda aka kwashe kusan 80 a wata sakandare kusa da Bamenda a Nuwamban 2018. Sojoji suka ƙona ƙauyuka, a Ngarbuh a Fabrairun 2020 aka kashe mata da yara, gwamnati ta musa, daga baya ta amsa da hannun sojojinta. A 2019 UNICEF ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na makarantun jihohin biyu a rufe suke, yara fiye da 600,000 ba karatu. Ranar 24 ga Oktoban 2020 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Kumba suka harbe yara bakwai a cikin aji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranku ya daɗe, ba ku yi shiru ɗungurungum ba. Kun fitar da sanarwar nuna damuwa. Babbar Sakatariyar Commonwealth ta wancan lokaci, Patricia Scotland, ta zo a 2017 ta sake dawowa a 2019. Amurka ta rage taimakon soja a 2019, ta cire Kamaru daga tsarin cinikin AGOA a farkon 2020. Ingila kuwa, makarantun suna rufe, ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ciniki da Kamaru a Maris na 2021, don kada ayabar Kamaru ta yanke a kantunan Landan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarfin zuciyarku: makarantun Ingilishi na gaskiya suna ci da wuta a Bamenda da Kumbo, kuna zaune da hukumomin da rikicin ya faro a hannunsu kuna tsara yadda za a faɗaɗa Ingilishi a Garwa da Marwa. Kuma ga shi an faɗaɗa ɗin. Malamai da iyalan da yaƙi ya koro sun cika Duwala da Yawunde da Bafusam, makarantun kuɗi na Ingilishi sun yawaita. Abin da yarjejeniya ba ta yi ba a shekara hamsin, gudun hijira ya yi shi a shekara biyar. Wanda ya ga wannan bai ji hawaye ya taru masa ba, a duba zuciyarsa.

Da a ce rashin sani ne, da an yi muku uzuri. Amma ku masana ne, nan ma sai an yaba. Tun 1953 UNESCO ta ce yaro ya fi koyo da harshen da ya tashi da shi. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware, yaran suka fi takwarorinsu, har a Ingilishin. A nan Kamaru Farfesa Maurice Tadadjeu ya fara shirin PROPELCA a 1981, bayan an tsara baƙaƙen rubuta harsunan ƙasa a 1979. A ƙasar Kom, daga 2007, aka gwada koyar da yaran makarantu 12 da harshensu a ajujuwan farko, suka zarce waɗanda aka fara musu da Ingilishi zalla. British Council da kanta ta fitar da matsayarta a 2017 cewa a ƙasashe irin namu ya fi kyau yaro ya fara karatu da harshen da yake ji, Ingilishi ya zo a matsayin darasi. Bankin Duniya ya maimaita a 2021, ya ce kashi 37 cikin 100 na ɗalibai a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ana koyar da su da harshen da ba su fahimta. Duk wannan yana cikin kabad ɗin ofisoshinku, da tambarinku a bango. Ku kuka biya aka yi binciken, ku kuka buga shi, kuka karanta, sannan kuka rufe kuka tafi wurin minista da maganar Ingilishi. Sanin gaskiya daban, dattakun ƙin damun mai masauki da ita daban, ku kun haɗa duka biyun.

Maƙwabtanmu ma sun ɗauki darasi. Nijeriya ta ayyana a 2022 cewa za a koyar da yaran firamare da harshen uwa, ba ta buga littattafan ba, ba ta horar da malaman ba, sai a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an soke, an koma Ingilishi daga ajin farko. A taron British Council a Abuja ya faɗa. Yaron Kano da na Sakkwato, waɗanda harshensu yake da jaridu da littattafai da gidajen rediyo har a Landan da Bon, su ma an ce harshen nasu bai isa ya koya musu haɗa biyu da biyu ba.

Na san abin da za a ce: Kamaru tana da harsuna sama da 250, da wanne za a fara? Tambaya ce ta gaskiya, kuma a arewa tana da ƙaya. Bamafe a Mokolo ko Batupure a Kar-Hay ba zai yi murna a ce ɗansa ya bar Faransanci ya koma Fulatanci ba, yana da tarihin da ya sa yake ɗari-ɗari, kuma dole a girmama wannan. Amma Mafa da Tupuri da Mundang da Masa duk ana rubuta su, coci-coci sun daɗe suna karantar da mutane da su. Fulatanci da Hausa an daidaita rubutunsu tun taron Bamako na 1966, suna da ƙamus da nahawu. A cikin garin Garwa, a Fulɓere ko Yalwa ko Pumpumre, da wuya ka sami yaron da ba ya jin Fulatanci. Aikin mai wuya ne, yana son kuɗi da shekaru da shawara da iyaye gari-gari, ba ya kuma ƙara wa wata ƙasar waje masu jin harshenta ko mutum ɗaya. Shi ya sa ya tsaya a matakin gwaji shekara arba'in, 'yan makarantu nan, 'yan makarantu can, kuɗin mai bayarwa ya ƙare, gwaji ya mutu. Hikimarku ta hana ku shiga abin da ba riba.

Ai kun nuna mana cewa in abu ya dame ku da gaske kun san hanyar Garwa. A Oktoban 2015 Shugaba Obama ya sanar da turo sojoji har 300 Kamaru, aka sauke su a nan, kusa da filin jirginmu, da jirage marasa matuƙa masu leƙen Boko Haram. Ba a yi musu taron kwana uku an sallame su da jaka da biro ba. An kawo musu wuta da ruwa da abinci da albashi kan lokaci, domin aikin na gaske ne. Ingilishin yaranmu kuwa an bar shi ga 'yan sa-kai da ƙananan shirye-shirye. 'Yan Peace Corps sun fara zuwa Kamaru a 1962, cikinsu akwai waɗanda suka zauna a ƙauye suka koyi Fulatanci suka yi aiki tsakani da Allah, tsofaffin ɗalibansu suna ambatonsu da alheri har yau, ni ma ina gode musu da zuciya ɗaya. Amma baƙo baƙo ne. Da tsaro ya taɓarɓare a arewa bayan sace iyalin Faransawa kusa da Waza a 2013, aka janye su daga yankunan haɗari. Da annoba ta zo a Maris na 2020, aka kwashe su daga duniya baki ɗaya. Ingila ta rage kuɗin taimakonta a 2021, ta sake sanar da wani ragin a 2025, shekarar da Amurka ta rushe hukumar taimakonta ta USAID. Shirin da aka ƙaddamar da ganga yakan mutu ba ko sanarwa, in wata majalisa a wata nahiya ta sauya lissafi. Malamin iyaye ne kawai ba jirgin da yake zuwa kwashe shi.

Sai kuma zaɓaɓɓu. Akwai shirye-shiryen da ke ɗaukar 'yan yara masu ƙwazo a ba su darasin Ingilishi bayan an tashi makaranta, akwai guraben Chevening da Fulbright da na Commonwealth ga waɗanda suka gama jami'a. Duk yaron da ya samu, ina taya uwarsa murna, Allah ya sa albarka. Amma a jihohin da yara suke miliyoyi, ɗaukar 'yan gommai a wanke su tas a nuna wa duniya dabara ce mai kyau ƙwarai: an sami fuskokin da za a sa a rahoto, an sami abokai na gobe a ma'aikatu, wasu ma an same su gaba ɗaya, don ba za su dawo ba. Manyanmu na arewa ba za su yi ƙorafi ba, tunda nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi masu harshe biyu, ko Yawunde, ko ƙetare. Muna da Jami'ar Ngaundere tun 1993, ta Marwa da babbar makarantar horon malamanta tun 2008, ta Garwa tun 2022. Wuraren da za a horar da dubban malaman Ingilishi 'yan ƙasa, masu jin harshen yaran, suna nan a tsaye. Abin da ya rage a ɗauke su aiki, a biya su wata-wata, a ba su gida a ƙauye da littafi a hannu, a bar yaro ya iya karatu da harshensa kafin a ɗora masa na wani. Ba jakadan da ya taɓa burge ni kamar wanda ya zauna da minista awa guda bai bari wannan magana ta ɓata musu hira ba.

Wadda ta fi kowa cin moriyar wannan alheri ita ce 'ya mace. Ubanta manomi ne a wajen Gashiga ko Lagdo, ya biya kuɗin ƙungiyar iyaye, ya sayi yunifom da littafin rubutu daga kuɗin gyaɗa, ya haƙura da aikin da take taya uwarta. Shekara huɗu tana zuwa tana dawowa. Wata rana aka kawo masa takardar asibiti, ya miƙa mata ta karanta masa. Ta juya ta, ta kasa. Ta iya cewa barka da safiya da harsuna biyu na Turai, ta iya rera taken ƙasa, amma ba ta iya karanta layi ɗaya ta gane shi da kowane harshe a duniya, har da nata. Mutumin nan ba maƙiyin ilimi ba ne, lissafi ya yi irin na wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne, ya ga an karɓi shekara huɗu ba a ba shi komai ba. Ya cire ta. Za a rubuta shi cikin alƙaluma a matsayin jahilin uba mai hana 'ya'ya mata karatu saboda al'ada. Shi ma ba ku manta da shi ba, Allah ya ja zamaninku: akwai wani shirin haɗin gwiwa da aka ware masa kuɗi, za a zo da mota da lasifika a wayar masa da kai.